Mai Nono Na Jira Ya Huce, Mai Daddawa Na Rufewa Da Zafi

Duk wanda ya taɓa zama kusa da mai haɗa kindirmo ya san ba ta gaggawa. Za ta tafasa madara, ta sauke, ta bar ta ta sha iska, tana ɗan tsoma yatsa jefi-jefi. Sai zafin ya koma ɗumi sannan ta ɗebo ɗan nonon jiya ta zuba, ta juya, ta rufe ƙwarya ta ajiye a lungu. Gari na wayewa ya kama, ya yi kauri da ɗan tsami. In ta kuskura ta zuba nonon jiyan alhali madara na tururi, to ranar babu ciniki.

Mai daddawa kuwa da zafi take aikinta. Kalwa za ta yini bisa wuta, wani lokaci har ta kwana, a surfe ta, a wanke, a sake mayar da ita tukunya. Ana tsiyaye ruwan ake juye ta tana tururi, a lulluɓe da ganye da buhu, a danne. Yawanci ba a zuba mata wani iri na jiya. Amma bayan kwana biyu ko uku, ko maƙwabta sun san ta nuna. Wari ya cika gida, in ka ɗebo kuma ka ga yauƙi yana bin yatsa zare-zare.

Matan nan biyu bakteriya suke sa wa aiki. Abin da ya sa ɗaya take jira ɗaya ba ta jira yana cikin ginin jikin waɗannan halittu, kuma shi dai wannan gini ne yake yanke hukunci a asibiti kan maganin da zai yi wa majinyaci aiki da wanda ba zai yi ba.

Bakteriya ƙwayar halitta ce guda ɗaya tak, da ita take ci, da ita take haihuwa. Wadda aka fi nazari a kanta, Escherichia coli da ke zaune a hanjin kowannenmu, sai an jera kusan 500 kai da ƙafa kafin su cika milimita ɗaya, wato ƙaramin tsakanin nan na jikin rula. Ƙwayoyin halittar jikin mutum da na dabba da na tsiro suna da wani keɓaɓɓen ƙunshi a tsakiya inda ake ajiye sinadarin gado na DNA. Bakteriya ba ta da shi. Nata yawanci zobe ɗaya ne a cukurkuɗe, yana nan cikin ruwan jikinta tare da dubban ƙananan ƙwayoyi masu ƙera furotin. Wani siririn tantani ne ya kewaye wannan ruwa, a bayan tantanin kuma sai bango. Wanda ya buga ƙwallon ƙafa irin ta da, mai bilada a ciki da fata a waje, ya riga ya fahimci alaƙar su biyun. Tantanin shi ne bilada, ruwa na matsowa ciki yana kumbura shi, bangon shi ne fatar da ke riƙe shi. Fatar na yagewa, bilada za ta leƙo ta fashe. Bayan bango, wasu suna da doguwar wutsiya da ke juyawa tana tura su cikin ruwa, wasu suna da gajerun gasu na manne wa jiki, wasu kuma sun yafa riga mai santsi. In abinci da ɗumi sun wadata, E. coli takan rabu biyu cikin minti 20.

Masu tsamar da nono, irin su Lactobacillus da Lactococcus, sukarin madara suke ci su fitar da tsami, tsamin kuma ya daskarar da furotin ɗin madara. Banda bangon nan ba su da wata garkuwa daga wuta. Ruwan zafi na taɓa su sun mutu, shi ya sa sai madara ta huce ake gayyato su.

Ma'aikaciyar daddawa, Bacillus subtilis, tana da dabarar da waccan ba ta da ita. Idan zama ya yi tsanani, sai ta kwafi DNA ɗinta, ta ajiye kwafin a gefe ɗaya na jikinta, ta naɗe shi da ɓawo bisa ɓawo, ta tsotse ruwan da ke ciki. Uwar ta mutu, ta bar wani busasshen ƙulli wanda ba ya ci ba ya sha, yana iya shekaru a cikin ƙasa ko jikin ƙwarya da ganye, tafasa ma ba lallai ta kashe shi ba. Wutar da mai daddawa ke hurawa ta share mata yawancin masu gasa da ita, ta bar fili ga mai jure zafi. Kalwa na komawa ɗumi ƙullin zai farka, ya tsiro ya soma narkar da furotin. Daga nan warin yake fitowa, daga nan kuma ɗanɗanon da ke gyara miyar kuka. Mutanen Japan ma da wannan bakteriya suke ruɓar da waken suya su yi abincinsu mai yauƙi da ake kira natto. Wani masanin tsirrai Bajamushe, Ferdinand Cohn, shi ya bayyana wannan ƙulli a 1876, bayan ya lura cewa ruwan ciyawar da aka tafasa yana sake cika da rayayyun halittu.

Dabarar ba ta masu gyara miya kaɗai ba ce. Bakteriyar da ke kawo tetanus, cutar nan mai sarƙe haƙora da sandarar da jiki, ita ma haka take kwanciya cikin ƙasa da kashin dabbobi, tana jiran rauni mai zurfi ko cibiyar jaririn da aka yanke da ƙazamin ƙarfe. Dalilin ke nan da asibiti ba ta wadatuwa da tafasa kayan tiyata. Tukunyar tururi mai matsi ake sa su, zafi ya kai digiri 121, a bar su aƙalla minti 15.

Da siffa aka fara rarraba bakteriya, don ita ido ya fara gani. Antonie van Leeuwenhoek ɗan kasuwar yadi ne a garin Delft na ƙasar Holan, yana goge ƙananan gilasai da hannunsa. A 1683 ya kankaro farin dattin da ke tsakanin haƙoransa, ya dama da ruwa, ya duba, ya aika wa ƙungiyar masana ta Landan zanen abin da ya gani: wasu dunƙulallu, wasu dogaye, wasu a lanƙwashe, wasu na iyo. Kusan shekara 200 bayansa, a 1872, Cohn ya kasa su gida huɗu bisa siffa. Har yau wannan rabo yana da amfani. Masu haddasa maruru dunƙulallu ne da ke taruwa cunkus. Masu kawo wani ciwon maƙogwaro dunƙulallu ne su ma, amma a jere suke sahu ɗaya. Ta taifot sanda ce. Ta kwalara gajeriyar sanda ce mai lanƙwasa da wutsiya ɗaya, wadda Filippo Pacini ya gani a hanjin mamata a Italiya a 1854. Wadda ke haddasa yawancin gyambon ciki a murɗe take, da murɗewar take huda majinar da ta shafe bangon tumbi. Likitoci biyu na Ostireliya, Barry Marshall da Robin Warren, sun samu kyautar Nobel a 2005 saboda gano aikinta.

Sai dai siffa ba ta isa shaida. Ta daddawa sanda ce, ta taifot ma sanda ce, kuma a madubin likita da wuya ido ya raba su in ba a yi musu rini ba.

A nan wani likita ɗan ƙasar Denmak, Hans Christian Gram, ya shigo. A 1884 yana aiki a Balin, yana neman hanyar da zai sa bakteriya su fito fili a cikin huhun waɗanda ciwon nimoniya ya kashe. Sai ya lura wasu suna riƙe rininsa, wasu suna saki. Abin da ya gano shi ake yi har gobe a ɗakin gwaje-gwajen kowace babbar asibiti, kuma ya cancanci a tsaya a kalla. Ma'aikaci zai shafa ɗan mugunya ko kaki a kan fallen gilashi, ya bari ya bushe, ya gifta shi ta saman harshen wuta don ya manne. Ya zuba rini mai ruwan shunayya, wanda shi ne maganin nan GV da ake shafa wa gyambo da bakin yara. Bayan minti guda ya ɗauraye, ya zuba aidin, ya sake jiran minti guda. Daga nan sai matakin da ke buƙatar hannun gwani: ya karkata gilashin ya ɗiga barasar asibiti na 'yan daƙiƙoƙi, yana kallon launin na zuba, ya yi maza ya ɗauraye. In ya daɗe ya wanke har abin da bai kamata ya wanku ba, in ya gaza komai ya fito shunayya. A ƙarshe ya bi da jan rini, ya busar, ya ɗiga mai, ya sunkuya kan madubi. Abin da zai gani ɗayan biyu ne, shunayya ko ruwan hoda.

Gram bai san dalili ba. Sai da aka samu madubi mai aiki da lantarki a ƙarni na 20 aka ga abin da ke faruwa. Masu riƙe shunayya bangonsu mai kauri ne, saƙa bisa saƙa, rini da aidin in sun haɗu a ciki ba sa iya fita. Masu saki bangonsu siriri ne ƙwarai, amma suna da tantani na biyu a waje, mai maiƙo. Barasa na narkar da maiƙon, rinin ya zube, sai su ɗauki ja. A gidan farko akwai na nono da ta daddawa da ta tetanus da ta maruru. A gida na biyu akwai E. coli da ta taifot da ta kwalara da ta sanƙarau. Kowane gida da na kirki da mugaye, launi bai nuna hali. Abin da yake nunawa shi ne ta inda za a kama su.

Jikinmu ya riga likitoci sanin wannan. A cikin hawaye da yawu da majina akwai wani sinadari da ke tsinka saƙar bangon bakteriya, akwai shi kuma da yawa a farin ƙwai. Alexander Fleming ne ya gano shi a Landan a farkon shekarun 1920, kafin ya gano fenisilin a 1928. Fenisilin kuwa hana ɗinki yake yi. Bakteriya mai girma kullum tana buɗe bangonta tana ƙara sabuwar saƙa, shi kuma yana toshe mai ɗinkin, sai bango ya yi rauni, matsin ciki ya fasa ta. Ƙwayoyin halittar mutum ba su da irin wannan bango ko kaɗan, saboda haka maganin ba ya samun abin kamawa a jikinsu. Masu ruwan hoda sun fi wuyar sha'ani, domin tantaninsu na waje yana tare magunguna da yawa tun daga ƙofa. Shi kansa tantanin dafi ne, in ya bazu cikin jini yana tayar da zazzaɓi mai zafi, ya faɗar da ƙarfin jini. Akwai kuma wani ƙaramin dangi, Mycoplasma, da ba shi da bango sam, yana kawo wani irin ciwon huhu, kuma ko buhun fenisilin aka sha ba ya jin komai.

Tarin fuka ya ƙi shiga kowane gida cikin biyun. Robert Koch ya sanar da gano bakteriyarsa a Balin ranar 24 ga Maris, 1882, ranar da duniya ke tunawa da cutar duk shekara. Bangonta shafe yake da wani kitse mai kama da kakin zuma, rinin Gram ba ya ratsa shi da kyau. Sai an ɗumama gilashin har jan rini ya yi tururi kafin ya shiga, in ya shiga kuma ko ruwan asid ba ya fitar da shi. A madubi sai ka ga siraran sanduna jajaye a kan shuɗin fili. Bangon da ya hana rini shiga shi ke rage wa magani hanya, ga ta kuma da nawa, takan kai awa 15 zuwa 20 kafin ta rabu biyu. Majinyacin da ya sha magani wata biyu, tari ya lafa, ya soma ƙiba, yana ganin ya warke, ma'aikaciyar lafiya kuma tana ce masa, "Baba, da sauranka, sai ka cika wata shida." Ba son wahalar da shi take ba. Waɗanda suka yi saura a huhunsa a hankali suke rayuwa, a hankali suke mutuwa. Ta kuturta 'yar'uwarta ce, bangonsu iri ɗaya, maganinta ma watanni ake sha.

Sanƙarau kuma labarin riga ne. Ƙasar Hausa tana tsakiyar yankin da annobarsa ke yawan tashi, daga Senegal zuwa Habasha, daga hunturu zuwa bazara, ta kwanta in damina ta sauka. A 1996 da 1997 ta kama fiye da mutum 250,000 a Afirka, ta kashe kusan 25,000. In an kawo yaro wuyansa a sandare, likita yakan ɗebi ruwan ƙashin bayansa. Ruwan mai lafiya garau yake, na mai sanƙarau a gurɓace. A yi masa rinin Gram. In an ga dunƙulallu bibbiyu masu ruwan hoda, Neisseria meningitidis ce, mai haddasa annoba. In bibbiyu ne masu shunayya, wata ce daban, wadda ta fi shahara da ciwon huhu. Mai annobar tana yafe da riga mai santsi da ke sa sojojin jini su kasa riƙe ta, kuma rigar ba iri ɗaya ba ce. Da ita aka kasa su nau'i-nau'i, irin su A, B, C, W, X da Y, allurar rigakafi kuma rigar take koya wa jiki ganewa. Da aka fara allurar MenAfriVac a Burkina Faso da Mali da Nijar a ƙarshen 2010, nau'in A da ya daɗe yana ɓarna ya kusan ɓacewa. Sai ga nau'in C ya tashi a Nijar a 2015, ya kuma tashi a arewa maso yammacin Najeriya a 2017, musamman Zamfara da Sakkwato. Jikin da ya koyi rigar A bai san ta C ba. A 2024 Najeriya ta zama ƙasa ta farko da ta soma amfani da sabuwar allura mai kare mutum daga nau'i biyar a tare.

Masana sun wuce siffa da launi yanzu. A 1977 Carl Woese da George Fox a Jami'ar Illinois ta Amurka suka kwatanta wani ɓangare na gado da kowace halitta ke da shi, suka tarar wasu da ake ɗauka bakteriya ne, irin masu fitar da iskar gas a tumbin saniya, dangi ne dabam gaba ɗaya. Aka ware musu gida nasu, Archaea. Tun daga nan asali ake bi, sunaye kuma suna ta sauyawa. A 2020 aka raba zuriyar Lactobacillus kaɗai gida 25. Duk da haka, in an kawo marar lafiya cikin dare, ba bishiyar asali likita ke nema ba. Tambayarsa biyu ce: dunƙulalliya ce ko sanda, shunayya ko ruwan hoda? Amsar tana fitowa cikin 'yan mintoci, kafin shukar bakteriyar da ake yi a faranti ta tsiro bayan kwana biyu ko uku ta faɗi sunanta da maganin da ke kashe ta.

Da wannan a zuciya, abin da ake gani kullum a shagon kemis yakan ba da mamaki. Mutum zai shigo ya ce, "Malam, a ba ni kafso na ɗari biyar, mura ke damuna." A ƙirgo masa huɗu a ƙulle a leda. Mura bairos ke kawo ta, shi kuwa bairos ba shi da bango, ba shi da masu ƙera furotin nasa, babu inda kafson zai kama. Amma kafson ba ya wucewa a banza. Masana sun ƙiyasta cewa bakteriyar da ke jikin baligi ta kai yawan ƙwayoyin halittarsa, kusan tiriliyan 38, akasari a hanji, suna taimaka masa narkar da abinci suna tare wa mugaye wuri. Maganin zai kashe raunana cikinsu, ya bar masu taurin kai. Wasu sun iya fitar da sinadarin da ke tsinka fenisilin kafin ya isa bango, wasu sun rage ƙofofin tantaninsu, wasu sun iya tofar da magani waje. Kuma ba ga 'ya'yansu kaɗai suke barin wannan iyawa ba. Banda babban zoben DNA, bakteriya da yawa suna da ƙananan zobba da suke miƙa wa maƙwabta ta wani siririn gashi, ko da ba danginsu ba ne. Wadda ba ta cutar da kowa a hanji tana iya ba ta taifot makamin da za ta tsallake maganin da likita zai rubuta baɗi.

Gwaji yana da kuɗi, ɗakin gwaji kuma ba a kowane ƙauye yake ba, wannan gaskiya ce. Amma inda akwai shi, kuma likita ya ce a kai fitsari ko kaki ko jini kafin ya rubuta magani, ba jan rai yake yi ba. So yake ya san irin bangon da zai fasa, don maganin da ya fasa wannan sau da yawa ko ƙwarzane ba ya yi wa wancan.